Muzurun Amna Mai Turare

A Babura, da can idan baƙo ya tambayi gidan Amna Mai Turare, ba a wahalar yi masa kwatance. Cewa ake yi ya bi hancinsa. Tun daga layin masu awon hatsi yake fara jin ƙamshin hawi da sandal, ya yi ta bi har ya tsaya a wata ƙofar langa-langa da ke gindin darbejiya. Yanzu kuwa in ka tambaya, sai an kalle ka sama da ƙasa tukuna, sannan a nuna maka da baki. Gidan yana nan inda yake, matar tana nan da ranta, hannunta kuma bai manta komai ba. Abin da ake faɗa a bayanta ne kawai ya sake.

Babarbariya ce, daga wani ƙauye can ƙasar Borno. Mijinta Madu, mai fataucin gero da wake, shi ya kawo ta garin tana amarya, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ba ta zo da wani abin a zo a gani ba. Kaskon turare ne na ƙasa, da kabbasa, wato kwandon nan mai kama da akurki da ake kifawa a kan kasko a shanya tufafi a kai, sai kuma abin da uwarta ta zuba mata a ka. Wannan na ƙarshen shi ya riƙe ta har tsufa, da shi ta yi rainon ɗanta bayan Madu ya rasu.

Turara lefe ne ya fitar da sunanta. Idan biki ya matso, dangin ango su kwaso akwatuna su kawo mata. Ta rufe kanta a ɗakin turare, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙuryar gida, ta zuba garwashi a kasko, ta kifa kabbasa, ta riƙa shimfiɗa atamfa da leshi da laffaya, ta lulluɓe da bargo har hayaƙin ya ratsa zare. Idan ta sauke, sai ta jibge su da ɗuminsu a kan wani gadon ƙarfe su kwana biyu kafin ta ninke. Amarya za ta wanke zanin har ya koɗe, ƙamshin yana nan. Daga Kazaure ake zuwa, daga Roni, har daga Magarya ta tsallaken iyaka. Amna ta san da haka, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani ba. Mace ce mai ji da kanta, mai kaifin baki, in ka taɓa ta da ɗaya sai ta mayar maka da uku.

Ɗakin da ake ajiye kayan mutane, a gidan da buhunan hatsi suka yi shekaru suna kwana, ba ya zama babu kyanwa. Ɓera ɗaya ya isa ya huda leshin amarya ya zubar wa mace da mutunci. Shekaru da dama bayan rasuwar Madu wani direban motar hatsi ya kawo mata ɗan muzuru toka-toka, wanda ya girma ya zama ƙato mai faffaɗan kai da yagaggen kunne. Ta sa masa suna Bulama, wato mai gari, wai don yadda yake hakimcewa a tsakar gida kamar mai jiran a kawo masa ƙara. Tun da ya zo, ko kashin ɓera ba a sake gani a ɗakin turare ba. Ladansa ɗaya ne, kuma shi ya yanka wa kansa: da zarar an sauke kaya daga kabbasa, sai ya haye tsakiyarsu ya miƙe cikin ɗumin, ya yi ta lasar jikinsa daga wuya har wutsiya. Tsawar da Amna take yi masa ta baki ce kawai. In ya sauka ta kakkaɓe, ta tsince gashin ɗaya-ɗaya, ta ninke. Amare nawa suka sa kayan nan, ba wadda ta taɓa cewa uffan.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Muhammad Nur, mai sunan mahaifinta, don haka Babana take ce masa. Ya sami aikin koyarwa a Kazaure, a can kuma ya ga Sadiqa, 'yar wani gidan Fulani mai dangantaka da sarauta. Uwarta ita ce Hajiya Hafsatu, doguwa, mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi ƙuda. Tsakanin Barebari da Fulani kuwa kowa ya san akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Ranar da matan biyu suka fara haɗuwa, Hajiya ta ce, "Ashe baiwata ce za ta zama surukata." Amna ta ce, "Ki gode wa Allah, 'yarki za ta shiga gidan da ake shafa humra, ta huta da man shanu." Aka yi ta dariya har da tafawa. Amna ta koma gida tana cewa ta yi dacen surukai.

Lefen ɗanta kuwa ba a magana. Ta fito da wata kwalba da ta yi shekaru tana ɓoyo ba ta sayar wa kowa ba, ta turara kayan ta sake turarawa, ta bar su a kan gado fiye da yadda take barin na kowa. Bulama ya sami abin da yake so, ya yi kwana da kwanaki yana birgima a kan laffayar amarya.

Ranar kamu Sadiqa ta naɗa laffayar. Kafin a gama hotuna ta fara atishawa ba ƙaƙƙautawa, idanunta suka yi jawur, kwalliyar da aka ɓata rabin yini ana yi ta dame da hawaye. Aka ce mura ce da gajiyar biki. Bayan biki ya lafa aka kawo ta Babura gaida uwar miji. Amna ta shimfiɗa mata darduma a ɗakinta, ta kawo mata fura. Yarinyar ba ta kai rabin kofi ba fatar idonta ta kumbura, ƙirjinta ya riƙe, numfashinta yana fita da ƙara kamar usur. Da ƙyar aka kai ta wurin mai kemis. Da suka koma Kazaure ta yi wanka ta sake kaya, sai ta ware kamar ba ita ba.

Haka abin ya riƙa faruwa. Ta sa atamfar da uwarta ta saya mata, lafiya lau. Ta sa ta lefe, sai ido da hanci. Aka ce ko hayaƙin turare ne. Hajiya ta ce wane hayaƙi, yarinyar da ta tashi a ɗakin da kasko ba ya mutuwa? Muhammad Nur ne, cikin kame-kamensa, ya ce ko dai muzurun Inna ne, don ya taɓa jin akwai masu irin wannan. Nan fa aka yi masa dariya. Sadiqa tana da kyanwarta tun tana 'yar makaranta, wata fara sol mai suna Madara. Da hannunta take ba ta abinci, a cinyarta take ɗora ta. In da kyanwa ce ke sa mata ciwo, da tuni an sani. Kyanwa ai kyanwa ce, in ji su. Shi ma ya ga haka ne, ya ja bakinsa.

To, ba turare ba ne, ba kyanwa ba ce. Me ya rage? Hannun da ya taɓa kayan. Abin takaicin shi ne ba wanda ya fara faɗar haka da gaske. A wani taron suna a Kazaure, cikin mata, Hajiya ta dubi Amna tana murmushi ta ce, "Ke baiwata, ku dai Barebari ba a raba ku da ƙulle-ƙulle. Faɗa mini gaskiya, me kika zuba wa 'yata a turare?" Amna, da ba ta iya barin magana ta faɗi ƙasa, ta ce, "In da ina da abin zubawa, ai da bakinki zan fara, mu huta." Su biyun suka yi dariya. Amma ɗakin cike yake da matan da ba su ga abin dariya ba, kuma kowace da waya a hannu.

Kafin Amna ta iso Babura maganar ta riga ta, kuma ba a yadda ta fita ta iso ba. An ce ta faɗa a gaban jama'a cewa za ta rufe bakin surukarta. An ce ɗa ɗaya gare ta, ba za ta iya ganin wata ta raba ta da shi ba. Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwonta su ne suka tuna cewa dama ɗakin nan nata kullum a rufe yake, wa ya san abin da take karantawa a kan garwashi? Wata mata daga Roni ta zo ta kwashe lefen ɗanta rabi a turare rabi ba a taɓa ba, tana ta ba da haƙuri wai an matso da biki. Ba a matso da komai ba. Daga ita sai ƙafa ta ɗauke.

Da wata ce da ta bi gida-gida tana rantsuwa. Amna ba ta iya ba. Ta ce wanda ya san ta ya san ta, wanda bai san ta ba kuma ba za ta roƙe shi ba. Shirun nata ma aka ce shaida ce. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Hajiya Hafsatu, wadda ta san da wasa ta fara, ba ta buɗe baki ta ce wasa ne ba. Tun tana shiru don kunya har ta koma shiru don ita ma ta fara yarda, tunda 'yarta ce ke kumbura a gabanta kuma ba ta da wani dalili a hannu.

Da Sadiqa ta haihu a gidan iyayenta, Amna ta ce to, jika ce za ta wanke komai. Ta sayi zannuwan goyo da 'yan riguna ta turara su, ta naɗa laffayarta mafi kyau, wadda ta kwana a ɗakin turare, ta hau mota ranar suna. An raɗa wa yarinya Nana Khadija. Ɗakin mai jego a cike, aka matsa mata, wata gwaggo ta miƙo mata jaririyar. Amna ta karɓa, ta ga goshin Madu sak, ta sunkuya tana yi mata addu'a da Barbarci. Ba ta kai ƙarshen addu'ar ba ta ji atishawa daga kan gado, sannan tari, sannan wannan ƙarar numfashin. Gwaggon da ta ba ta yarinyar ita ce ta sa hannu ta karɓe ta, ba ta ko ce kawo ba. Wata ta fara karanta ayatul kursiyyu a fili, tana tofawa ta ɓangaren da Amna take.

Ta tashi ta fita. A tsakar gida ta ga jakar kayan da ta kawo, an ajiye ta can kusa da akurkin kaji, ba a ko zuge ba. Ba ta tsaya cin abinci ba. A cikin motar Babura, matse tsakanin buhun albasa da wata mai goyo, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da Madu.

Shekara kusan uku ba ta sake taka Kazaure ba, ba a kuma kawo mata yarinyar ba. A hoton waya ta ga ta zauna, ta ga ta yi rarrafe, ta ga ta yi haƙori. Muhammad Nur yana zuwa ƙarshen wata shi kaɗai, ya zauna a bakin ƙofa, ya yi ta zancen damina da tsadar taki. Bai taɓa cewa ya yarda da abin da ake faɗa ba. Bai kuma taɓa cewa bai yarda ba. Turaren ba ta daina haɗawa ba, don hannu ya saba. Maƙwabciyarta Fatu ce take juyewa a wasu kwalabe ta kai kasuwa a matsayin na wata 'yar Maiduguri, kuma kafin la'asar ya ƙare. Matan da suke wuce ƙofar Amna da addu'a su ne suke turara ɗakunansu da shi, suna cewa wannan ya fi na waccan matar.

A shekarun nan mai rai ɗaya ne yake shiga ɗakinta ba tare da ɗar-ɗar ba. Bulama ya tsufa, haƙorinsa ɗaya ya fita, amma yana nan yana gadin ɗakin da babu lefen kowa a ciki. Da shi take hira, da Barbarci, tunda ba mai jin sa a layin. Tana tsame masa kan kifi daga miyarta. In ta kunna kasko don kanta, ya zo ya kwanta a kan ƙafarta. Wannan ma an hango ta saman katanga, an kuma ƙara a cikin labari: tsohuwa tana magana da muzuru da wani yare.

Gaskiya ta fito ne daga inda ba wanda ya nema. Madara, kyanwar Sadiqa da ta bari a gidan iyayenta, ta haihu, aka rabar da 'ya'yan aka bar ɗaya. Namiji ne. Ya girma ya zama muzuru, ya mayar da gadon Hajiya wurin barcinsa. Wata rana Sadiqa ta je wuni gida, ta kishingiɗa a gadon uwarta, sai ga ciwon ya taso mata fiye da kowane lokaci, har sai da aka wuce da ita asibiti a Kano. Amna tana Babura, ko zare nata babu a gidan.

Muhammad Nur ya zo da hantsi, a ranar da ba ranar zuwansa ba. Ya tarar da ita tana daka kajiji. Wannan karon har cikin rumfa ya shigo, ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, an gano ciwon Sadiqa."

Ba ta ajiye taɓarya ba. "Ai an daɗe da ganowa. Ni ce."

"Don Allah Inna ki saurare ni. Likita ya yi mata gwaji. Kyanwa ce jikinta ba ya so."

"Kyanwa. Ita da ta kusa goya kyanwa a baya?"

"Haka Hajiya ma ta ce masa. Ya ce ba duka suke ɗaya ba." Ya gyara zama, yana faɗa a hankali kamar mai biya karatu. "Ya ce ba gashin ba ne ma. Wani abu ne a cikin yawunsu da maiƙon fatarsu. In suna lasar jiki sai ya hau gashin ya bushe, ya bi iska, ya manne a tufafi da katifa. Ido ba ya ganinsa, kakkaɓewa ba ta fitar da shi. Wata kyanwar kaɗan take fitarwa, wata da yawa, kuma galibi muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi mace. Madara nata kaɗan ne, ga shi a tsakar gida take kwana, jikin Sadiqa yana iya ɗauka. Shi kuwa..." Ya kalli Bulama, wanda yake miƙe a bakin ɗakin turare yana lasar ƙafarsa.

Amna ta bi shi da kallo. Ta tuna laffayar kamu da kwanakin da ƙaton nan ya yi yana birgima a kai. Ta tuna tata laffayar ta ranar suna. Ta jingine taɓaryar. Ta ɗauka in ranar nan ta zo za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Sunanta, sana'arta, jikarta, duk a kan yawun muzuru.

"Hajiya tana wurin da ya faɗa?"

"Tana wurin."

"Me ta ce?"

"Ta ce ikon Allah."

"Sai me?"

Ya kawar da kai gefe.

"Babana, a gaban mata ta faɗa. A gaban mata aka karɓe yarinya daga hannuna. Za ta tara su ta gaya musu?"

"Inna, kin san babba ce, kuma kin san gidansu. Abin da kunya. Ta ce a gaishe ki, ta ce komai ya wuce."

"A wurinta ya wuce."

"Ni dai abin da ya kawo ni," ya ce, "in aka fitar da Bulama daga gidan, aka wanke ɗakunan, zan kawo miki su. Sadiqa da kanta ta ce za ta zo. Nana tana magana yanzu, Inna. In ta ga hotonki sai ta ce wace ce wannan."

Ya san inda zai taɓa, ai ɗanta ne. Ta tambaya ko ba za a fiɗiye muzurun a bar shi ba. Ya ce ragewa hakan yake yi ba kawarwa ba, kuma Sadiqa ta ga mutuwa da idonta, ba za ta shigo gidan da yake ba. Amna ba ta ga laifinta ba. A duk cikinsu yarinyar ce ta sha wahala a jikinta, ba a kuma taɓa jin ta zargi kowa ba.

Ta yi kwanaki tana juya abin. Daga ƙarshe ta yi magana da wani tsohon abokin cinikin Madu mai shagon hatsi a Gwiwa, wanda ɓeraye suka addaba. Da safe ta dafa wa Bulama kifi guda sukutum, ta zauna har ya cinye. Ta sa shi a kwando, ta rufe da tsohon zaninta ta ɗaure. Da kanta ta ɗauka a ka har tasha, don ba ta yarda wani ya jijjiga shi ba. Yana kuka a ciki tun daga ƙofar gida, tana ba shi haƙuri da Barbarci, layin kuma duk an leƙo ana kallo. Da ta dawo ta shiga wanki. Ta bayar da katifa, ta ƙone tsofaffin tabarmi, ta wanke labule da bargo da duk wani ƙyalle, ta sa aka shafe bango da farar ƙasa, ta goge daɓe har gwiwoyinta suka kumbura.

Sai ga su sun zo. Sadiqa ta shigo a ɗarare, da abin shaƙa na masu asma a hannu, ta durƙusa har ƙasa. Suka zauna a ɗaki. Kowa yana jiran atishawa, ba wanda ya ce yana jira. Aka sha fura, aka yi azahar, shiru. Sadiqa ta matso ta ce, a hankali yadda ko mijinta bai ji ba, "Inna, ki yafe mana." Amna ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Yarinyar ta daɗe tana laɓe a bayan uwarta, sannan ta fito da kanta ta zo ta taɓa awarwaron hannun Amna. Amna ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta sa hanci a kanta. Ƙamshin man kanti ne, amma a ƙarƙashinsa akwai na yaro, kuma ba wanda ya sa hannu ya karɓe ta. Daɗin da ta ji a lokacin na gaske ne, ba za a rage masa komai ba.

Suna rumfa bayan la'asar, Nana tana wasa da murafen kwalabe, sai muryoyi suka taso daga gidan Fatu, inda mata suke taruwa ɓarar gyaɗa. Katangar gajeriya ce, ba ta riƙe magana.

"Kun gani ko? Tun safe take ciki, ko tari ba ta yi ba."

"Ai dama a jikin muzurun aka ajiye abin. Ba ku ji yadda yake kuka ba ranar da ta fita da shi?"

"An ce wani malami suka samo a Kano, shi ya ce ko ta fitar da shi ko ya koma kanta. Har kayan ta ƙone, ni na ga hayaƙin."

"Allah ya tsare mu. Yarinyar nan dai ta auna arziki."

Muryar Fatu ce ta ƙarshen.

Amna ta ɗaga kai ta dubi ɗanta. Shi ya ji likita da kunnensa. Daga inda yake zaune zuwa ƙofar Fatu babu nisa, sallama ɗaya ce. Ta dubi Sadiqa, ta ga ta sunkuyar da kai tana gyara wa Nana takalmi.

"Babana, ka ji?"

"Ki ƙyale su, Inna. In na fita yanzu sai abin ya zama rigima, har ya kai kunnen su Hajiya." Ya kalli agogo. "Gara ma mu kama hanya kafin motoci su yi wuya."

Ta raka su har bakin ƙofa. Nana ta ɗaga mata hannu ta ce sai an jima Kaka. Muhammad Nur ya ce zai riƙa kawo su duk wata, kuma ya cika, yana kawo su. Lefe ne dai bai sake shigowa gidan ba har yau.

Da ta koma ciki a ranar, ta tsame kan kifi daga sauran miya ta sa a ɗan kwanon da ke bakin ɗakin turare. Sai da ta miƙe sannan ta tuna. Ta tura ƙofar ɗakin. Fes yake, yana warin farar ƙasa. A kan gadon ƙarfen, inda lefe yake kwana, wani ɓera ne zaune yana kallon ta, ko gezau bai yi ba. Ta cire takalmi ta ɗaga, sai kuma ta mayar da shi ƙafarta. Babu kayan kowa a ɗakin da zai ci. Ta ja ƙofar ta bar shi.